Masinja ya koma cikin aljihu: saƙon waya da ma'aikatan Zariya

Akwai ma'aikacin da ba a samunsa a kan kujera: direban kamfani, mai gyaran wuta, malamin gona, nas mai zagayen majinyata, mai gadi. Zariya cike take da irinsu, domin wuraren aikinta masu faɗi ne. Jami'ar Ahmadu Bello da aka kafa a 1962 gari ce guda a Samaru, ga gonakin gwaji na Cibiyar Binciken Aikin Gona, ga Asibitin Koyarwa can a Shika, ga rukunin masana'antu na Chikaji inda kamfanin iri na Premier Seed yake. A duk waɗannan wurare damuwar shugaba ɗaya ce: yaya za a yi a samu wane yanzu-yanzu?

A da masinja ake tashi. Ya karɓi takarda, ya hau keke, ya bi sashe-sashe yana cigiya. Wayar tarho ta NITEL tana teburin manya ne kawai, kuma a duk faɗin Najeriya layukanta ba su kai rabin miliyan ba kafin 2001. A watan Janairun 2001 hukumar sadarwa ta NCC ta yi gwanjon lasisin wayar salula, a watan Agusta kuma MTN da Econet suka fara aiki. Kira ya zo da tsada, da minti ake lissafi, sai a 2003 Glo ta shigo da lissafin daƙiƙa. Wannan tsadar ce ta koya wa mutane tes, wato saƙon rubutu ta waya. A 2013 NCC ta ƙayyade kuɗinsa a kan naira 4, ya ƙara zama abin kowa.

Asibitocin Ingila sun daɗe suna saya wa likitocinsu ƙaramar na'urar da ake ratayawa a ƙugu, wadda ke ƙara idan ana neman mutum, har sai a 2019 gwamnati ta ba da umarnin a fara jingine ta. Na'urar ta asibiti ce, shi ya saya, shi ke gyarawa. A Zariya kuwa yawancin ma'aikatu daga keken masinja suka tsallaka kai tsaye zuwa wayar da ma'aikaci ya saya da kuɗinsa. Nan ne tushen kusan duk alheri da matsalar da suka biyo baya.

Dalilan karɓuwar tes ba ɓoyayyu ba ne. Wanda ke tsaye kusa da injin da ke ruri ba ya jin kira, amma yana iya duba rubutu. Direba ya karanta idan ya tsaya. Ƙaramar waya mai tocila ta isa, ba sai da data ba, kuma cajinta na kwana biyu ko fiye. Sannan rubutu shaida ne: shugaba na iya cewa "ai na tura maka", ya nuna lokaci. Wani abu da ba kowa ya lura da shi ba shi ne, tes ɗaya haruffa 160 yake ɗauka, amma da zarar an saka ƙ ko ɗ ko ɓ sai ya koma 70, domin tsarin da aka gina shi a kai bai san haruffan nan ba. Mai rubuta Hausa daidai yakan biya ninki. Ba mamaki da aka saba rubuta ta ba lanƙwasa.

Zuwan WhatsApp ya sauya fasalin abin. Kowane sashe ya buɗe guruf, saƙo ɗaya ya isa ga mutum talatin, makaniki ya ɗauki hoton abin da ya lalace maimakon ya yi ta kwatance. Saƙon murya ma ya fi komai tasiri, don ya shigo da lebura da dattijon mai gadin da bai yi boko ba. Wannan ci gaba ne na gaske, kuma wanda ya san zamanin jiran masinja ba zai yi musu ba.

Sai dai guruf ɗin aiki ba ya daɗewa yana na aiki kaɗai. Gaisuwar Juma'a ta shigo, katin ɗaurin aure ya biyo, ga ta'aziyya, ga bidiyon siyasa, har wurin ya koma kamar kasuwar Sabon Gari ranar jajiberin salla. A cikin wannan hayaniya ake jefa umarnin da ba ya jira. In abu ya ɓaci, mai turawa ya ce ya tura, wanda aka tura wa ya ce bai shigo ba, ko data ta ƙare, ko ba caji. Kowa na iya zama mai gaskiya. Masinja, duk da jinkirinsa, yakan dawo ya ce ya damƙa hannu da hannu. Alama shuɗiya a gefen saƙo tana nuna an buɗe ne kurum, ba ta nuna wani ya ɗauki nauyin aikin ba.

Ga kuma kuɗi. Wayar ta ma'aikaci ce, katin nasa, cajin ma a shago yake biya idan ba wuta. Da NCC ta amince da ƙarin kashi 50 cikin 100 a watan Janairun 2025, aljihun ƙaramin ma'aikaci ne ya ji, ba asusun ofis ba. Lokacinsa ma ya shiga ciki: an tashi aiki ƙarfe huɗu, amma saƙon oga na iya faɗowa bayan isha'i, kuma shiru laifi ne. Faransa tun 2017 take aiki da doka a kan 'yancin ma'aikaci ya kashe waya bayan tashi. A nan Najeriya ko maganar ba a cika yi ba.

Akwai batun sirri. Sakamakon gwajin majinyaci ko lambobin abokan ciniki suna kwana a wayar mutum, yaransa na wasa da ita, ranar da ya bar aiki ya tafi da su, alhali Najeriya ta yi dokar kare bayanan jama'a tun watan Yunin 2023. Shi kansa layin ba abin jingina ba ne ɗari bisa ɗari. A ƙarshen watan Satumban 2021 an katse sadarwa a wasu sassan jihar Kaduna saboda tsaro, aka yi makonni a haka, sannan a ranar 14 ga Maris 2024 lalacewar wayoyin ƙarƙashin teku ta gurgunta intanet a Afirka ta Yamma.

Ma'aikatar da ke kiran mutanenta ta waya ya kamata ta ɗauki nauyin layin. Kamfanonin sadarwa suna da tsarin CUG, wanda ake biya a wata, ma'aikata su kira juna ba tare da kati ba. Guruf ɗin aiki a ware shi daga na zumunci, abin gaggawa a bi shi da kira, wanda ya karɓi umarni ya amsa da "na gani". Shugabannin ma'aikatu a Chikaji da Samaru da Sabon Gari, ku saka kuɗin nan a kasafin shekara, kamar yadda ake saka na man janareta.