Ajiye kalmomin Dannet a «gajimare»: matakai da hattara

1. Gabatarwa

Mai binciken da ya naɗo kalmomin Hausa da Tamajak a karkarar Dannet, cikin jihar Agadas, yana bukatar wurin baje su a intanet. Kwamfutar da za a girka a Arlit sai ta yi fama da zafi da ƙura da ɗaukewar wuta. Don haka muke ba da shawarar hayar injin gaibu (machine virtuelle), wato yankin babbar kwamfutar kamfani mai aiki tamkar kwamfuta sukutum.

2. Matakai

a) A zaɓi Debian ko Ubuntu, a shiga ta SSH.

b) A girka Apache ko Nginx, a buɗe ƙofa 80 da 443.

c) A haɗa lambar IP da suna mai ƙarewa da .ne.

d) A tabbatar da UTF-8, in ba haka ba ɓ, ɗ, ƙ, ƴ da haruffan Tifinag, waɗanda suka shiga Unicode a 2005, za su rikiɗe.

3. Kammalawa

«Gajimare» dai gini ne a ƙasa. A watan Maris 2021 gobara ta cinye wata cibiyar OVH a Strasbourg, waɗansu suka rasa ajiyarsu. Lalle a bar kwafi a sashe, domin muryar dattijon da ya rasu ba ta sake naɗuwa.