"Saura Ƙiris": Igiyar Da Ke Ɗaure Ɗan Caca

'Yan'uwana mata, ku matso ku ji. Ranar da Yayana ya zubar da kuɗin lefensa a wani shagon cacar ƙwallo da ke bakin titin Kachia, nan Sabon Tasha, sai da na yi kuka har idanuna suka kumbura. Na ce, "Haba Yaya, wane irin son banza ne wannan?" Ya sunkuyar da kai ya ce, "Wallahi ƙanwata, wasa goma na zaɓa, tara sun shiga. Saura ƙiris fa!"

Ashe wannan "saura ƙiris" ɗin ita ce igiyar. Masana halayyar ɗan'adam sun gano cewa idan mutum ya kusa ci, ƙwaƙwalwarsa kan yi zumuɗi kamar ya ci ɗin, sai ta ce masa sake gwadawa. Tun a shekarun 1950 wani masani ɗan Amurka, B.F. Skinner, ya gwada da tattabaru: wadda ke samun tsaba jefi-jefi, ba ta san yaushe za ta zubo ba, ta fi naci wajen caccakar maɓallin a kan wadda ke samu kullum. Haka ɗan caca yake. In ya ci, daɗi ya ja shi. In an cinye shi, ya koma wai zai fanso asararsa, garin neman gira ya rasa ido.

Shi ya sa a 2013 ƙungiyar likitocin ƙwaƙwalwa ta Amurka ta sa jarabar caca a sahu ɗaya da ta giya da ƙwaya. A 2024 Hisbah ta rufe shagunan caca a Kano, amma ke ma kin sani, shagon yanzu yana cikin waya.

Don haka 'yar'uwa, kada daɗin baki ya ruɗe ki da "in mun yi aure zan daina." Sabo turken wawa ne, soyayya kaɗai ba ta tuge shi. Kada ki miƙa masa kuɗin adashenki ko na jarrabawarki, kada ki biya masa bashi a ɓoye. Ki sanar da manya, a nema masa taimako. Mu dai asibitin ƙwaƙwalwa na Barnawa muka kai Yaya, yanzu katin bankinsa yana hannun Inna. Auren ya wuce shi, amma alhamdu lillahi ya fara dawowa hayyacinsa.

Allah Ya haɗa mu da mazaje nagari, amin.