Kankare da Katako: Yadda Ake Tada Gida a Sokode da Dapaong

Duk wanda ya bi babbar hanyar da ta tashi daga Lome ta ratsa Sokode, garin Kotokoli, ta nufi Dapaong a ƙasar Moba kusa da iyakar Burkina Faso, zai yi ta ganin gidajen da ba a gama ba, rodi ya yi tsiri-tsiri a kansu yana jiran mai gida ya sami hali. Kaɗan ne daga cikinsu aka zuba wa bango da kankare tun daga ƙasa har sama. Abin da aka saba shi ne a zuba harsashi da ginshiƙai da ɗaurin da ke zagaye ginin ta sama, a cike tsakani da bulo. Dalilin kuɗi ne. Dutsen da ake ƙonawa a yi siminti daga Tabligbo yake fitowa, can kudu, kuma ko da yake kamfanin CIMTOGO ya kafa masana'antar niƙa kusa da Kara, kowane buhu mai kilo 50 yana isa Dapaong ne da kuɗin mota a kansa.

Ko ginshiƙi za a zuba ko bango sukutum, aikin a hannun kafinta yake farawa. Ɗanyen kankare ba shi da siffa sai wadda katako ya ba shi. Kafinta ke jera alluna fuska biyu, ya tokare su, ya ɗaure, rodi na tsakiya. Nauyin kwaɓin ya ninka na ruwa fiye da sau biyu, don haka allon da ba a tokare da kyau ba sai ya yi ciki, bangon kuma ya daskare da wannan cikin har abada. Wannan ne ma ya ƙara wa bangon zubi tsada: katakon da zai ci ya fi ƙarfin aljihun yawancin masu gini.

Kwaɓin da aka fi sani shi ne awo 1 na siminti, 2 na yashi, 4 na tsakuwa. Inda ake yawan cutar gini shi ne wajen ruwa. Lebura ya fi son kwaɓi mai ruwa-ruwa don ya fi sauƙin ɗiba, alhali ruwan da ya wuce kima rage ƙarfi yake yi. Bayan zubi kuwa sai lamarin ya juya, kankare ya koma neman ruwa, domin ba bushewa ke ƙarfafa shi ba, haɗuwar siminti da ruwa ce, kuma sai ya kai kwana 28 ake lissafin ya yi ƙarfin da ake nema. A Dapaong, inda iskar hunturu ke zuƙe danshi, zafin Maris da Afrilu kuma yakan kai digiri 40, bangon da ba a shayar da shi ba safe da yamma har mako guda zai tsattsage. Ga shi lokacin ne ruwan ya fi wuya.

Katako na sake dawowa a rufi. Yankin Sokode yana da gandayen itacen tik, wanda aka fara dasawa a Togo tun zamanin mulkin Jamus, kuma gara ba ta cika cin zuciyarsa ba. Magina na da sun dogara ne da azarar giginya saboda wannan dalili. Wanda ya sayi farin katako mai araha yakan shafe shi da baƙin mai, amma maganin gara na ainihi ya fi tabbas.

Sai guguwar farkon damina, wadda kan yaye kwano da katakonsa gaba ɗaya idan ɗora su kawai aka yi. Shi ya sa ƙwararren magini ke dasa guntayen rodi a cikin ɗaurin sama tun kankaren yana ɗanye, don a lanƙwasa su a kan katakon rufi kafin a buga kwano.