Kuɗin Wayarki da Ke Tafiya San Diego

Uwargida, wayar da ke hannunki yanzu, ko ke kika saya ko maigida ne ya kawo miki, ba duk kuɗinta ne ya tsaya wurin mai shago da kamfanin da ya ƙera ta ba. Wani kaso yana wucewa wurin masu haƙƙin mallakar fasahar da ke sa waya ta kama sabis. Babba a cikinsu shi ne Qualcomm, wanda aka kafa a birnin San Diego na Amurka a 1985.

Kin tuna layukan Starcomms da Visafone? Fasahar CDMA suka yi amfani da ita, wadda da ita Qualcomm ya yi suna. Layukan sun shuɗe, amma fasahar ta shige cikin 3G, kamfanin kuma ya ƙara tara haƙƙoƙi a 4G da 5G. Ya zama kamar mai gidan haya: duk wanda zai ƙera waya sai ya biya shi, ko da bai sayi ko ƙusa a wurinsa ba. Abin da ya fi ci wa masu ƙera waya tuwo a ƙwarya shi ne, a kan farashin wayar gaba ɗaya ake lissafin kason, har da allo da kyamarar da wasu suka yi.

Masu zuba jari kuwa wannan ɓangaren suka fi so, domin riba ce mai kauri da ba ta buƙatar masana'anta. Fargabarsu kotu ce da gwamnatoci. A 2015 China ta ci tarar Qualcomm dala miliyan 975. A 2017 Apple ya maka shi kotu. Ranar da suka sasanta a Afrilun 2019, hannun jarin Qualcomm ya tashi da fiye da kashi 20 cikin ɗari.

Gasa ta fi zafi wajen ƙwaƙwalwar waya. MediaTek na Taiwan yana sayar da tasa da sauƙi, shi ya sa take cikin wayoyin Tecno da Infinix da yawa. Sai dai canza ƙwaƙwalwa ba ya raba ka da mai haƙƙi. A 2024 Qualcomm ya kai ƙarar Transsion, mai Tecno da itel da Infinix, a Indiya. Ribar waya mai araha siririya ce, don haka duk abin da aka ƙara wa kamfanin, da wuya bai biyo ki har kanti ba ranar da za ki saya wa ɗiyarki waya.