ƳAN TARU: ZUMUNCIN MATA DA AKA GINA BISA ILIMI

A jami'o'in ƙasar Amurka akwai ƙungiyoyin ɗalibai mata waɗanda ke kiran juna ƴan uwa, suna da alamarsu da ƙa'idodinsu da rassa gari gari. Ta farko da baƙar fata suka kafa, Alpha Kappa Alpha, ta samu asali a jami'ar Howard ta birnin Washinton a shekara ta 1908. To amma mutanen Bazaga da Ƙonni da Malbaza da Illela ba su bukatar ƙetara teku domin ganin irin wannan zumunci, saboda shekaru wajen saba'in kafin nan ƙasar Hausa ta riga ta san nata, wato Ƴan Taru.

Tarihin ya shafi wannan yanki na jahar Tawa ƙwarai, domin a Marata, kusa da Galmi, aka haifi Shehu Usmanu ɗan Fodiyo a shekara ta 1754. Ɗiyarsa Nana Asma'u, wadda aka haifa a Degel wajen 1793, ta tashi cikin gidan da karatun mata ba abin mamaki ba ne. Shehu da kansa, a cikin littafinsa Nurul Albab, ya zargi malaman da ke karantar da almajirai alhali sun bar matansu da ɗiyansu cikin duhun jahilci. Asma'u ta yi hijirar Gudu a 1804 tana yarinya, ta auri Waziri Giɗaɗo, ta kuma yi rubuce-rubuce da Larabci da Fulatanci da Hausa.

Bayan yaƙe-yaƙen jihadi, ƙauyuka sun cika da zawarawa da marayu da matan da aka kamo wajen yaƙi, waɗanda da yawansu bori suka sani. Matar aure ba ta iya barin gidanta ta tafi Sakkwato neman karatu. Saboda haka, cikin shekarun 1830, Asma'u ta yi dabarar kai karatu har inda matan suke. Kowane gari ana zaɓen dattijuwa mai hankali da amana, a naɗa ta jaji, sunan da fatake ke ba madugun ayari. Ita ke jagorantar ƴan mata ƙanana da ba su yi aure ba da tsofaffin da suka bar haihuwa, su taka a ƙasa har gidan Asma'u, su hardace darasi cikin waƙa, su koma su biya wa matan da ke cikin gidaje.

Alamar jaji ita ce malfa da aka naɗa wa jan ƙyalle. Wannan malfa ba baƙuwa ba ce ga matan ƙasar, domin irinta Innar Gobir, shugabar ƴan bori, ke sawa. Asma'u ta ɗauki alamar da mata suka saba girmamawa, ta mayar da ita shaidar ilimi, ta yadda duk wadda ta hango malfar ta san mai iko ce ta iso.

Darussan sun haɗa da tsarki da salla da tarihin Annabi da na salihan mata. Akwai waƙar da ta jera sunayen surorin Alƙur'ani duka domin sauƙin riƙewa. Amma karatu kaɗai bai sa mace ta zama ƴar taru ba. Ana son ta da haƙuri da gaskiya da kyauta, ta duba marar lafiya, ta taimaki mai haihuwa, ta wanke gawar mace, ta sasanta waɗanda suka ɓata. Hatsi da zuma da man shanu da matan ke kawowa kyauta, ana rabar da su ga mabukata. Irin ƙaunar da ke tsakaninsu ta fito fili lokacin da wata jaji mai suna Hawa'u ta rasu, har Asma'u ta yi mata marsiyya kamar yadda ta yi wa manyan malamai da sarakuna.

Da Asma'u ta rasu a 1864, ƙanwarta Maryamu ta riƙe aikin, bayanta kuma Tamodi. Zuwan Turawa Sakkwato a 1903 bai kashe shi ba. Baturiyar Ingila Jean Boyd, da taimakon Waziri Junaidu, ta buga tarihin Asma'u a 1989, sannan ita da Beverly Mack suka tattara rubuce-rubucenta a 1997. Wasu Musulmi mata na birnin Pittsburgh a Amurka ma sun ɗauki sunan Ƴan Taru suka kafa tasu ƙungiya.

Matsalar da Asma'u ta fuskanta ba ta ƙare ba. Har yanzu a ƙauyuka da dama ɗiya mace kan bar lakkwal da wuri, ko don aure, ko don nisan kwaleji daga gidan iyayenta. A watan Disamba na 2017 gwamnatin Nijar ta fitar da doka domin kare yarinyar da ke cikin karatu, amma takardar da aka sa wa hannu a Yamai ba ta shiga zaure ta lallashi uba. Wannan aikin jaji ne. Matan Bazaga da kewaye da suka samu digiri, suka zama malamai da ungozomai da ma'aikatan gwamnati, suna da gadon da za su dogara a kai: su haɗa kai, kowace ta riƙe hannun ƙannenta na ƙauyen da ta fito. Hausawa sun ce zumunta a ƙafa take, kuma da ƙafa Ƴan Taru suka kai ilimi gida gida.