Agashe: tsiren Hausawa da ya zama abincin Sudan

A yankin Piemonte na Italiya, ana jiƙa naman sa cikin jar giyar inabi, a dafa shi a hankali har romon ya yi kauri. Tsamin giyar ne ke yanke maiƙo. Giya haramun ce ga Musulmi, amma Hausawan Sudan na samun wannan tsami ta hanyar halal.

Bayan yaƙin Burmi na 1903, Muhammadu Bello Mai Wurno, ɗan Sarkin Musulmi Attahiru na ɗaya, ya kai jama'arsa gaɓar Shuɗin Nilu kusa da Sennar, inda garin Mai Wurno yake a yau. Wasu kuma noman audugar Jazira, da aka buɗe a 1925, ya zaunar da su. Da tsirensu suka je, ana kiransa agashe.

Ana yanka nama falle-falle, a barbaɗe shi da garin ƙuli-ƙuli, citta, barkono da gishiri, a gasa a garwashi. Mahaɗinsa niƙaƙƙiyar gyaɗa ce, wadda ake kira dakwa a can. Ana dama ta da ruwan lemun tsami, barkono da gishiri har ta saki. Gyaɗa na ba da kauri, lemun tsami na yanke maiƙo. Idan ta cije, sai a ƙara ruwa kaɗan-kaɗan.

Yaƙin da ya ɓarke a Afrilun 2023 ya raba miliyoyin mutane da gidajensu, har da na Jazira da Sennar. Mai agashe da ya yi gudun hijira, muddin ya samu wuƙa, tsinke, gawayi da kuɗin nama, zai iya sake kafa teburinsa ya ciyar da iyali.