Gudu da Haɗari a Idon Kyamara: Finafinan Tseren Motoci Daga 1966 Zuwa Yau

Duk mai shirya fim a kan tseren motoci yana fuskantar matsaloli biyu tun kafin ya kunna kyamara. Ta farko ita ce gudu ba ya bayyana da kansa a allon sinima, domin motar da ke sharara kilomita 300 a sa'a guda, idan aka ɗauke ta daga nesa, sai a ga kamar tafiyar hankali take yi. Ta biyu kuwa, fuskar direba, wadda da ita jarumi ke nuna tsoro ko fushi, a rufe take cikin hular kwano, in ban da idanu biyu. Tarihin waɗannan finafinai, in aka duba da kyau, tarihi ne na neman mafita daga wannan tsaka mai wuya.

Wanda ya fara buɗe hanya sosai shi ne daraktan Amurka John Frankenheimer, a fim ɗinsa Grand Prix na shekarar 1966, wanda ya ɗauka a ainihin filayen gasar Formula 1, wato gasa mafi daraja ta motoci masu kujera ɗaya da tayoyi a waje, irin su Monako da Spa ta Beljiyam da Monza ta Italiya. Ya ɗaura kyamarori a jikin motoci, dab da kwalta, ta yadda mai kallo zai ga kwana tana tunkaro shi, ya ji ƙarar canjin giya, ya kuma ga hannun direba yana kokawa da sitiyari. Fim ɗin ya lashe kyautar Oscar uku, ta tace hoto da biyu na sauti, kuma har yau ba a daina koyi da dabarunsa ba, duk da cewa labarin soyayyar da aka cusa a ciki ya tsufa ƙwarai. Abin da ke ƙara masa nauyi shi ne direbobin gaske da suka fito a cikinsa ba duka suka yi tsawon rai ba: Lorenzo Bandini ya rasu sakamakon haɗari a Monako a 1967, Bruce McLaren da Jochen Rindt kuma suka bi shi a 1970.

Jarumi Steve McQueen ya so ya zarce haka a fim ɗin Le Mans na 1971, wanda ke magana a kan tseren sa'o'i 24 da ake yi a Faransa, har aka shigar da wata mota ƙirar Porsche mai ɗauke da kyamarori cikin ainihin gasar 1970. Kusan babu hira a farkon fim ɗin, sai ƙugin inji da hayaniyar 'yan kallo, shi ya sa bai yi kasuwa ba a lokacinsa, sai daga baya masoya tsere suka rungume shi. Ba a kuma gama shi lafiya ba, domin direba David Piper ya rasa wani sashe na ƙafarsa a haɗarin da ya yi yayin ɗauka.

Amma aikin da ya fi kowanne warware matsalar ɓoyayyiyar fuska shi ne Senna na 2010, fim ɗin gaskiya, wato wanda babu 'yan wasa a cikinsa, da Asif Kapadia ya haɗa kacokan daga tsofaffin hotunan bidiyo, ba tare da nuna kowa zaune yana ba da labari ba, sai muryoyi kawai a bayan hoto. Ayrton Senna, direba ɗan Brazil da ya zama zakaran duniya a 1988 da 1990 da 1991, yana bayyana a cikin taron direbobi yana jayayya da shugaban hukumar tsere Jean-Marie Balestre, yana kuma bayyana a gasar ƙasarsu ta 1991, inda ya ƙarasa tseren motarsa maƙale a giya ta shida, ya fashe da ihu bayan ya yi nasara, sannan kafaɗunsa suka sage har ɗaga kofi ya zame masa aiki. Wanda ya ga wannan ba ya bukatar a gaya masa abin da ke faruwa a cikin hular kwano. Sa'ad da labarin ya isa filin tseren Imola, inda direba Roland Ratzenberger ya mutu ranar Asabar, Senna kuma washegari, 1 ga Mayu 1994, mai kallo ya riga ya san mutumin da zai rasa. Laifin fim ɗin ɗaya ne, kuma ba ƙarami ba: ya mai da abokin hamayyarsa Alain Prost mugun cikin labarin, alhali adawarsu tana da fuska biyu.

Finafinan da suka biyo baya sun kama wannan igiya ta adawa. Rush na Ron Howard, a 2013, ya dawo da kakar 1976, lokacin da Niki Lauda ya ƙone a Nürburgring ta Jamus, ya koma tsere bayan mako shida, sannan ya janye daga gasar ƙarshe a Japan saboda ruwan sama, abokin hamayyarsa James Hunt ya zama zakara da maki ɗaya tal. Ford v Ferrari na 2019 kuma ya fito da direba Ken Miles, wanda umarnin kamfanin Ford ya raba shi da nasarar Le Mans ta 1966.

Tun da aka tsaurara matakan tsaro, musamman bakan ƙarfe mai suna halo da aka wajabta a saman kan direba a 2018, mutuwa ta ja da baya, sai masu shirya fim suka koma neman zafi a wurin gardamar shugabannin ƙungiyoyi da rikicin kwantiragi. Shirin Drive to Survive da Netflix ta fara a 2019 ya jawo sababbin masoya da yawa, musamman a Amurka, amma ya sha suka kan ƙirƙirar gaba tsakanin direbobi ta hanyar tace murya da hoto, har direba Max Verstappen ya ƙaurace masa na wani lokaci, kuma sukar tana da hujja. Fim ɗin F1 na 2025, wanda Brad Pitt ya fito a matsayin babban jaruminsa, direba Lewis Hamilton kuma yana cikin furodusoshinsa, ya koma kan tafarkin Frankenheimer, inda aka ɗora ƙananan kyamarori a motocin da jarumai ke tuƙawa da kansu, aka kuma ɗauki sassa a ranakun gasar gaske a filaye irin su Silverstone ta Ingila.